Lalle Ko Farcen Shago: Wanne Ya Fi Daɗewa?

Saura wata uku bikin 'yar ƙanwata, sai gardama ta tashi a gidanmu. Ba a kan sadaki ba, ba kuma a kan kayan ɗaki ba. A kan farce ne. Yarinyar a hannunmu ta girma tun rasuwar mahaifinta, saboda haka duk abin da ya shafi bikin a kaina ya ke sauka. Ƙawayenta na ƙungiyar mawaƙa suka ce amaryar zamani ba ta shiga majami'a sai da farcen jel, irin wanda a ke ginawa a shago, wai shi ne ya ke daɗewa. Kakarta, watau tsohuwata, ta ce ita ba ta taɓa ganin amarya ba lalle ba, ba kuwa a kan jikarta za ta fara gani ba. Ana cikin haka wata dattijuwa ta Zumuntar Mata ta aiko da saƙo, wai lalle al'adar Musulmi ce, jel kuwa ta 'yan duniya, a bar duka biyun.

Yarinyar ta same ni ina duba littattafan 'yan ajina, ta durƙusa ta ce, "Kawu, kai za ka raba." Ni kuwa ban san kome game da farce ba, sai dai in sa reza in yanke nawa ran Asabar. Na ce ta ba ni mako biyu. Abin da na samo cikin makon nan biyu, da ƙafa da kuma karatu, shi na ke so in ba masu karatunmu, gama na tabbata ba gidanmu kaɗai a ke wannan gardama ba.

Farce ba ya tsayawa

Tilas mu fara da farcen kansa. Wanda mu ke gani a waje ba shi da rai, shi ya sa yankansa ba zafi. Daga gindi ya ke tsirowa, ƙarƙashin fata, yana turo tsohon gaba. Farcen hannu ya kan ƙaru wajen milimita 3 a wata, ya kan sake gaba ɗaya cikin wata 4 zuwa 6. Na ƙafa ya fi nawa, ya kan ɗauki shekara ɗaya, wani har shekara da rabi.

Wannan shi ne ma'aunin kowane ado da za a yi wa farce. Kome ƙarfin abin da aka ɗora masa, bayan mako uku sai ka ga sabon farce ya leƙo a gindi. Watau babu adon da zai zauna daram. Bambancinsu yana wajen yadda kowanne ya ke tsufa, da abin da ya ke bari a baya ranar da ya tafi.

Cikin birni

Ran wata Asabar muka hau adaidaita sahu ni da uwargidana, daga Sabon Gari muka ratsa Fagge, muka shiga birni ta Ƙofar Wambai, sa'an nan muka taka zuwa Kasuwar Kurmi. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ta ke, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta ƙunci gare su, mutum biyu ba su jerawa sai da gogar kafaɗa. A rumfunan 'yan koli, tsakanin kwalli da turare da duwatsun wuya, a nan muka sami lalle, wani ganye ne busasshe a buhu, wani kuwa an daka an tankaɗe an ƙulla a leda.

Tsohon da ke rumfar ya ɗebo garin ya zuba mini a tafin hannu. Ya ce in duba launi in kuma sansana. Lalle mai kyau kore ne shar, yana da ƙanshin ɗanyen ganye. In ya koma ruwan ƙasa, ƙanshin ya mutu, to ya kwana biyu, ba zai kama sosai ba. Na ce, "Baba, wata nawa ya ke yi a farce?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba ya fita. Sai dai farcen ya fita ya bar shi."

Gaskiya ya faɗa, masana kuma sun bayyana dalili. A cikin ganyen lalle akwai wani jan rini da ke shiga cikin jikin farce da fata ya kama, kamar yadda baba ya ke kama zare a marinar Ƙofar Mata. Ba ya zama a sama kamar fenti. A fata ya kan koɗe cikin mako biyu ko uku, domin fata tana saɓa kullum. A farce kuwa ba ya ɓarewa, ba ya tsagewa, sabulu ba ya cinsa. Sai dai fari ya riƙa fitowa daga gindi kamar jinjirin wata, jan yana matsawa gaba, har reza ta ƙarasa shi.

Daga kasuwa muka bi lungu zuwa gidan wata mai ƙunshi da aka kwatanta wa uwargidana. Gidan ba shiga ne, saboda haka aka shimfiɗa mini tabarma a soro, aka aiko mini da ruwa, ita ta shige. Da ta fito ta ba ni labari. Matar ta nuna mata wani tsohon zunguru na kakarta, dogon ƙwarya da a ke zura hannu ciki bayan an shafa lalle, don kada ya goge mutum yana barci. Yanzu leda ta maye gurbinsa. Zane kuma ya sake. Dā dungulmi a ke yi, a rufe tafin ƙafa da yatsu gaba ɗaya. Daga baya aka shiga yanka salatif ana liƙawa don a fitar da fure, yanzu kuwa da bakin leda a ke zana shi siriri kamar rubutu.

Akwai dalilin da ya sa lalle bai taɓa rasa kasuwa a birni ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna alwala kafin salla, tilas ruwa ya taɓa farce. Jan farce da jel da farcen roba duk suna tare ruwa, lalle kuwa ba ya tarewa, da ya ke rini ne kawai. Mu wannan doka ba ta ɗaure mu ba. Amma na riƙe maganar, gama zancen ruwa da farce zai sake dawo mana ta wata hanya.

A shago

Ran Litinin bayan an tashi daga makaranta, yarinyar ta kai ni wani shagon gyaran gashi a Sabon Gari. Na zauna a gefe kamar baƙon da ya ɓata hanya, ina kallo. Ashe abin iri-iri ne.

Jan farce na kwalba kowa ya san shi. Iska ce ke busar da shi, kwana huɗu ko biyar ya fara ɓarewa, mai wanke-wanke ma ba ta kai haka ba. Farcen roba kuma da gam a ke manna shi, ya yi mako ɗaya ko biyu, wani lokaci ya faɗa cikin miya ba sallama. Waɗannan ba su cikin masu daɗewa.

Babban wansu shi ne akirilik. Wani likitan haƙori na Amirka, Fred Slack, shi ya fara shi cikin shekarun 1950, sa'ad da ya ji wa farcensa rauni ya gyara shi da kayan aikin haƙori. Gari ne da ruwa a ke haɗawa, a ɗora a kan farce, ya daskare da kansa ya yi tauri kamar ƙashi. Shi ya fi duka ƙarfi, da shi a ke yin dogayen faratan nan kamar na shaho. Warinsa kuwa yana hawa kai. Taurin nan nasa shi ne aibinsa: in ya bugi ƙofa ko bakin bokiti ba ya lanƙwasa, sai ya ja farcen Allah ya ɗaga shi daga nama. Akwai wani ruwan haɗi mai araha da a ke kira MMA, wanda hukumar abinci da magani ta Amirka ta yi yaƙi da shi tun farkon shekarun 1970 saboda ɓarnar da ya yi wa yatsun mata. Har yanzu ba a rasa shi a shagunan da ke neman riba, mai zuwa gyara kuwa ba ta da hanyar ganewa da ido. Araha ba ta ado.

Sai jel ɗin shafawa, wanda ya bazu a duniya bayan da aka fito da samfurin Shellac a shekarar 2010. Kamar jan farce ya ke, amma iska ba ta busar da shi. Sai an sa hannu cikin wata 'yar fitila mai shuɗin haske, cikin minti ɗaya ko biyu ya ƙame. Ya kan yi mako biyu da sheƙinsa. Launi kawai ya ke bayarwa, ba ya ƙara wa farce ƙarfi sosai. Akwai kuma na tsomawa, inda a ke shafa gam a tsoma yatsa cikin gari. Wannan ban so shi ba ko kaɗan, domin na ga gwangwani ɗaya kowa ke tsoma yatsa ciki.

Wanda ƙawayen amarya su ke so shi ne jel mai kauri, wanda 'yan shago ke kira bilda jel, watau jel na gini. Kaurinsa kamar zuma. A kan goge fuskar farce kaɗan don ya sami wurin kamawa, a shafa na ƙasa, sa'an nan a ɗora mai kaurin a tsakiya a bar shi ya kwanta, ya yi ɗan tudu a inda farce ya fi karyewa, a gasa shi a fitila. Sa'ad da ya ke ƙamewa ya kan yi zafi, na ga wata ta fizge hannunta tana yarfewa. Bayan an gama sai farce ya fito sumul, ba nauyi, ba wari.

In faɗi gaskiya, a cikin kayan shago duka shi ya fi burge ni. Yana ɗan lanƙwasa tare da farce, saboda haka bai cika fizgo shi kamar akirilik ba. Ba lallai a ƙara tsawo ba, ana iya ɗora shi a kan gajeren farce. Macen da farcenta ke tsagewa ko yana ɓarewa fallen-fallen, musamman da hunturu, wannan zai riƙe mata shi har ya girma. Ya kan yi mako uku zuwa huɗu.

Amma a lura da abin da mako huɗun nan ke nufi. Ba wai an gama ba ne. Sabon farce ya fito a gindi, tudun ya matsa gaba, nauyi ya koma baki, tilas a koma shago a goge a cike. Watau wadda ta fara ta ɗauki wa kanta haraji ne, sau goma sha biyu ko fiye a shekara. Kuɗin zama ɗaya da aka faɗa mini ya isa sayen lallen da mata duka na gidanmu za su yi shekara suna ƙunsawa. Ni malamin makaranta ne, da na yi lissafin a bayan takarda sai na mai da biro aljihu.

Ranar cirewa

A nan ne a ke sanin ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Jel mai laushi da akirilik sai an jiƙa su da wani ruwa mai ƙarfi, asiton, a naɗe yatsu minti goma sha biyar ko fiye, sa'an nan a kankare. Ruwan yana busar da farce da fata ƙwarai. Wani irin jel na gini kuwa asiton ba ya narkar da shi, sai an ci shi da magogi ko ɗan inji. In hannun mai aikin bai ƙware ba, sai ta haɗa da farcen ta cinye, ya koma siriri kamar ɓawon albasa, ko ruwan ɗumi ya taɓa shi sai zogi. Mafi muni ita ce wadda ta ga gefe ya ɗaga, ta sa haƙori ta ɓanɓare a gida. Tare da fuskar farcenta ta ke ɓarewa, kafin ya koma daidai kuwa sai sabo ya gama fitowa, wata biyar ko shida ke nan.

Akwai wani haɗari da ba a gani da ido. Ɗanyen jel, in ya riƙa taɓa fata, ko kuwa bai gasu har ciki ba, jiki ya kan ƙi shi. Sai yatsu su yi ƙaiƙayi, su tsage, farce ya saki, wani lokaci ƙuraje su fito har a fatar ido. Ƙungiyar likitocin fata ta Ingila ta yi gargaɗi a kan wannan a 2018, ta sake yi a 2023. In jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi ke nan har abada. Abin damuwa kuwa shi ne, dangin wannan sinadari ne likitoci ke amfani da su wajen cike haƙori da ɗaura ƙarfen gwiwa ko na ƙugu. Yarinya ta yi ado tana da shekara ashirin, ta tarar da sakamakon tana da sittin. Tarayyar Turai ma ta hana wani sinadarin gasa jel mai suna TPO daga ran 1 ga Satumba 2025. Kayan da aka hana a can ba su kan ɓace daga duniya ba, mu da ke saye a kasuwa sai mu riƙa karanta jikin kwalba.

Ga kuma tamu matsalar ta gida. Fitilar nan da lantarki ta ke aiki. Ina zaune a shagon wuta ta ɗauke, wata baiwar Allah da hannu ɗaya cikin fitila, ɗayan kuma ɗanye, ana neman yaron da zai ta da janareto. Wutar da ba ta da ƙarfi da fitilar da ta tsufa, su ne ke barin jel ya ƙame a sama ya zauna ɗanye a ƙasa.

Hannun da ke tuƙa tuwo

Yanzu mu koma ga zancen ruwa. In gefen jel ko akirilik ya ɗaga ko da kaɗan, ruwa ya kan shiga ya kwanta tsakaninsa da farce, ba ya bushewa, sabulu kuma ba ya kai wa can. Ƙwayoyin cuta suna son irin wannan wuri. Shi ya sa wani lokaci in an cire a kan tarar farce ya yi kore.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A wani asibiti a birnin Oklahoma na Amirka, tsakanin 1997 da 1998, wata ƙwayar cuta ta kama jarirai 46 a ɗakin bakwaini, 16 suka mutu. Da aka bincika, aka sami irin ƙwayar a hannun ma'aikatan jinya biyu, ɗaya mai dogon farcen Allah, ɗaya mai farcen shago. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idodin wanke hannu da ta fitar a 2009, ta ce mai taɓa majiyyaci kada ya sa farcen da aka ɗora, nasa kuma ya riƙa yanke shi gajere.

To, uwa a gida fa? Ita ce nas ɗin gidanta. Hannun da ya wanke wa jariri kashi shi ne zai mulmula fura, shi zai yanka salak, shi zai ba yaro tuwo a baki. 'Yar ƙanwata kuma a ajin ƙananan yara ta ke koyarwa, kullum tana cikin share majina da ɗaura takalmi. Da na kawo nan, rabin hukuncina ya riga ya faɗi.

Ba kowane lalle ba

Kada tsohuwata ta yi murna da wuri. Akwai abin da a ke sayarwa da sunan lalle wanda ya fi duk kayan shago mugunta, shi ne baƙin nan da a ke kira dayis. Ganyen lalle ba ya yin baƙi ƙirin cikin rabin sa'a. Abin da ke sa haka rinin gashi ne mai suna PPD, wanda ba a yi shi don a zana a fata ba. Shekarar da ta wuce wata yarinya a ajina ta dawo daga hutun Kirsimeti da hannu a naɗe. An yi mata baƙin zane, bayan kwanaki kowane layi ya tashi ya yi bororo, ya fashe. Har yau furen yana nan a bayan hannunta, ya zama tabo. Garin neman gira an rasa ido. Mata su fi sanin wannan, amma ni shawarata ita ce, in mai ƙunshi ba za ta iya nuna miki abin da ta kwaɓa ba, ki janye hannunki.

Ko jan lalle na gaskiya ma, kada a shafa wa jariri. Akwai yara, yawanci maza, da a ke haifa da wani rauni a jini wanda likitoci ke kira ƙarancin G6PD, yana kuwa da yawa a ƙasarmu. Lalle ya kan shiga ta fatar irin wannan jariri ya farfasa jininsa, sai shawara ta kama shi, jini ya ƙare. Iyaye ba su da hanyar sanin wane yaro ne sai da gwaji.

Saƙon dattijuwa

Saura amsar da zan ba uwarmu ta Zumuntar Mata. Na je har gida na gaishe ta. Na ce, "Mama, lalle ya girmi wannan gardama." Masarawan dā sun yi amfani da shi tun kafin haihuwar Almasihu. Yana cikin Littafi Mai Tsarki ma: itacen nan mai furanni masu ƙanshi da aka ambata a Waƙar Waƙoƙi 1:14, na gonakin En-gedi, da kuma a 4:13, lalle ne. Kakanninmu Maguzawa suna sa amarya a lalle, Musulmi suna sawa, Kiristocin Masar da na Indiya suna sawa. Ba na wani addini ba ne, ganye ne da Allah ya tsirar.

Ta kawo mini 1 Bitrus 3 da 1 Timoti 2, inda manzanni suka yi magana a kan adon mata. Na yarda da ita cewa gargaɗin yana nan, bai kuwa tsufa ba. Amma yadda na fahimce shi, abin da suka tsawata a kai shi ne alfarma da tsada, da sa zuciya ga adon waje. In da wannan ma'auni za a auna, ba lallen kwabo ne zai fara faɗuwa ba. Ban kuma iya ce mata jel zunubi ne ba, gama ban ga inda aka rubuta haka ba. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce ita ma da lalle aka kai ta, a ƙauyensu, shekaru da yawa da suka wuce. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ba ni gyaɗa a leda in kai wa yara.

Da mako biyun suka cika na kira yarinyar. Na ce in farcenta mai karyewa ne, kuma tana son jel na gini don ranar biki kaɗai, ba zan hana ba, amma da sharaɗi: gajere, a wurin wadda ta ƙware mai fitila mai kyau, kada ya taɓa fata, ta koma a cire mata kafin ta koma aji, kada kuma ta ɓanɓare da kanta. Akirilik da dayis kuwa ba da kuɗina ba. Ta miƙo hannu ta dubi faratanta, lafiyayyu ne sarai, ba abin da za a gina musu.

Kwana uku kafin ɗaurin aure, mai ƙunshin nan ta birni ta zo gidanmu da kanta. Kakar amarya ce ta kwaɓa lallen da muka sayo a Kurmi, ta matsa lemun tsami ciki, ta bar shi ya kwana. Biyu daga cikin ƙawayen sun tafi shago sun yi nasu jel, ya kuwa yi musu kyau a hoto. Ɗaya ta cire nata bayan wata guda, ɗayar har yanzu tana zuwa ciko.

Ran Lahadin da ta wuce amaryar ta zo gaishe mu bayan sujada. Tsohuwata ba ta iya karanta kalanda ba, amma ta kama hannun jikarta ta juya shi, ta dubi farin da ya cinye rabin farce, jan ya koma baki. Ta ce wata uku ke nan, ba kaɗan. Uwargidana ta ƙirga da yatsu, saura kwana huɗu ya cika.